Akushi a Gefen Hagu

Ciwon maigidana ya yi sallama kafin ya shigo, mu ne ba mu gane sallamar ba.

A Tawa muke a lokacin, can gefen gari ta hanyar Afala, shekarun farko bayan Nasara sun sauke tutarsu an ɗaga tamu. Shi manomi ne, da rani kuma yana tufka igiyar guga yana kai wa masu rijiya. Ɗiyanmu mata sun yi aure, namijin ya tafi Kurmi, can kudu, cin rani bai dawo ba. Mu biyu ne a gida, sai yayansa da darni ɗaya ya raba mu da shi.

Wata rana cikin maimai, wato noma na biyu, na kai masa fura gona. Ina tsaye ina kallonsa sai haiwa, hauyar nan mai dogon mariƙi, ta kuɓuce daga hannunsa na dama. Ya duƙa zai ɗauka, hannun ya wuce ta ya dafa ƙasa. Ya juyo zai yi mini magana, abin da ya fito kamar na mai tuwo da zafi a baki. Kafin in sauke ƙwarya in isa gare shi har ya warware, ya ɗauki haiwarsa.

"Mi ya same ka?" na ce.

"Rana ce. Ba ni hurata ki koma gida."

Na ba shi, na koma. Ni ba mai yawan magana ba ce, amma idona ba ya barci a kan mutum. Na ga ya daina ɗaukar buta da dama, na ga yana murza yatsunsa idan ya zaci ba na kallo. Na gaya wa yayansa, ya ce gajiyar noma ce.

Bayan an kai gero rumbu abin ya shigo gaba ɗaya. Da hantsi ne, yana zaune a inuwar aduwa yana tufka a bisa cinya, ni ina sussuka. Na ji shiru. Mai tufka ba ya shiru, kullum akwai sautin kaba a tafin hannu. Na waiga, na gan shi ya jingine gefen dama kamar buhun da aka ajiye ba daidai ba. Bakinsa ya karkace, miyau na zuba a gemu. Idonsa biyu, yana kallona, yana son ya ce wani abu, ba abin da ke fita sai "to, to, to". Na ɗaga hannunsa na dama na sake, ya faɗi kamar jiƙaƙƙen zane. Ƙafar tana ɗan motsi, hannun kuwa babu.

Na yi kira, yayansa ya tsallako da maza, aka ɗauke shi zuwa ɗaki. Aka ce iska ce ta buge shi, wasu suka ce ya taka wani abu a gindin aduwar. Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho a dantse da cinya, wajen da ya mutu, har fatar ta zama kamar bayan faifai. Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu. Ban hana kome ba. Na dai lura duk sanda aka ɗura masa ruwan rubutu yana kwance sai ya sarƙe, ya yi ta tari har idonsa ya yi ja, alhali kunu mai kauri yana wucewa da sauƙi. Daga nan na ce ba mai ƙara ba shi ruwa sai ni, kuma sai an tayar da shi zaune.

Mutuwar hannu ba ta tsorata ni ba kamar rashin cin abinci. Kullum in tuƙa tuwo in zuba a akushinsa in ajiye masa a dama, inda nake ajiyewa tun ranar da aka kawo ni gidan. Kowace mace mai tarbiyya a nan ne take ajiyewa. In fita in ba shi wuri, in dawo in tarar ko murfin bai taɓa ba, ko kallon wajen bai yi ba. In na gutsura zan sa masa a baki sai ya kau da kai ya datse leɓe. Ɗan kunu kawai yake karɓa, shi ma sai ba kowa a ɗakin ban da ni. Mutumin da ke ɗaukar dami bisa kai daga gona har gida ba hutu, sai ga haƙarƙarinsa na fitowa, wuyansa ya zama kamar na zabo.

Yayansa ma ya sami nasa abin fushi. Idan ya zo dubiya yakan zauna a damansa, wurin babba, ya yi ta gaisuwa, maigida bai ko juyo ba, yana kallon bango ko yana kallona ni da ke wajen ƙofa ta hagu.

"Ƙanena ya ɗauke mini kai," ya ce da ni a tsakar gida. "Ko wani ya kai mishi wata magana a kaina?"

"Ba wanda ya kai mishi kome, Yaya. Gobe ni dai za ni kai shi likita."

"Likita allura sunka sani. Wanga ciwo ba nasu ba ne."

"An yi ƙaho, an yi hayaƙi, ban ce a bari ba. Amma mutum na ƙarewa ina kallo. In ba a ba ni jaki ba, da goyo za ni kai shi."

Ya dube ni, ya san zan aikata. Da safe ya kawo jakinsa da kansa, aka ɗora shi, shi yana riƙe da gefe ɗaya wani maƙwabci na riƙe da ɗaya, ni ina biye da tabarma.

Wanda ya duba shi shi ne majo, wato babba cikin masu yin allura. Mutumin gabas ne, Hausarsa ba irin tamu ba, mai furfura a gefen kunne. Ya ɗaura masa wata roba a dantse ya hura ta, ya dubi agogon da ke jiki, ya girgiza kai. Ya ce ya yi murmushi, rabin baki ya tashi rabi ya ƙi. Ya ce ya ɗaga hannuwa, ɗaya ya tashi. Ya ga tabon ƙahon, ya dai shafa shi da yatsa.

Sai ya ɗauko goro daga aljihu. Ya tsaya a gabansa, ya miƙo goron ta gefen dama yana kaɗawa. Maigida bai motsa ba. Ya dawo da shi ta hagu, nan take idonsa ya bi goron, har ya ɗago hannu.

"Uwargida, ta wane gefe kike ajiye masa abinci?"

"Ta dama mana. Ta ina ake ajiye wa namiji abinci?"

"Ba ya ganinsa. Duk abin da ke damansa a yanzu, a wurinsa babu shi a duniya."

Nan yayansa ya gane abin da ya sa ƙanensa ba ya juyo masa. Ni na ce, "Idon lahiya lau yake, ga shi yana kallona."

Ya ce ba idon ba ne, kuma ba hannun ba ne, abin a cikin kai yake. Ya ce in sa yatsuna a gefen wuyana, ƙarƙashin muƙamuƙi. Na sa, na ji abu na bugawa. Ya ce wannan jijiyar jini ce, akwai ɗaya kowane gefe, akwai wasu kuma ta ƙeya, su ke kai wa ƙwaƙwalwa jini. Ya tambaye ni ko na taɓa shiga garkar albasa. Na ce na shiga. Ya ce to, kamar yadda mai garka ke zuba ruwa a babbar hanya ta rarrabu zuwa fangali-fangali, haka jijiyoyin nan ke rarrabuwa a cikin kai. Reshen gaba shi ke shayar da wurin da ke juya ƙafa. Na tsakiya, wanda ya fi girma, shi ke shayar da wurin fuska da hannu da magana. Na baya shi ke kula da gani da tsayuwa daidai, shi ya sa wanda nasa ya toshe yakan yi jiri ko ya ga abu biyu-biyu. Idan gudan jini ya tsaya a wani reshe, fangalin da ke gabansa sai ya bushe.

"Nasa na tsakiya ne ya toshe, a gefen hagu. Shi ya sa hannu da baki suka fi ƙafa shan wuya. Hanyar gani ma ta nan ta ratsa, abin ya taɓa ta."

"Hagu? Dama ce ta mutu," in ji Yaya.

"Haka Allah ya halicce mu, Malam. Hagun kai ke riƙe da daman jiki, daman kai ke riƙe da hagu."

Na ba shi labarin haiwar da ta faɗi a gona. Ya ce ran nan hanyar ta toshe ne ta sake buɗewa, kuma duk wanda na ga haka ta same shi, ko da ya warware nan da nan, a kawo shi a ranar, don jininsa ya hau ne, ana iya rage shi kafin babban ya zo. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi mini ƙarya ba. Ya ce ba shi da maganin da zai buɗe abin da ya riga ya toshe. Ya ba da ƙwayoyi na saukar da jini, ya ce in rage gishiri da kanwa, in riƙa miƙar da hannun ina lanƙwasawa kada ya sandare, in tsayar da shi kullum ya taka. Ya ce wani abu zai dawo, wani ba zai dawo ba.

"Amma ciwon nan ya riga ya yi abin da zai yi. Yanzu yunwa ce za ta kashe shi in bai ci ba."

Har yau ban san garin mutumin nan ba, amma ina sa shi a addu'a.

Muka koma gida da murnata. Da rana na tuƙa tuwo mai laushi, miyar kuka ba gishiri sosai, na wanke masa hannun hagu da sabulu, na ajiye akushi a hagunsa na buɗe. Ya gani. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya ɗago hannun har ya kai bakin akushi, sai ya tsaya, ya dubi hannun, ya janye shi ya danne a ƙarƙashin cinya.

Hannun tsarki ne. Tun yana yaro an buge masa shi a kan ƙwarya har ya daina kai shi. Mu a wurinmu ba a miƙa wa ko yaro abu da hagu, balle a ci da ita. Na yi lallashi, abin da ban iya ba. Na yi faɗa, abin da na iya. Aka kira liman ya zauna a hagunsa ya gaya masa mai lalura ba shi da laifi, Allah ya san hannun da ya karɓe. Ya gyaɗa kai ya ce "to, to", liman na fita ya ture akushin da guiwa.

Sai da na ƙara sa ido na gane sauran abin. A unguwarmu maza ba su cin abinci a cikin gida. Bayan magariba kowane gida na fitar da akushi zuwa ƙofar Yaya, a shimfiɗa tabarma, su kewaye, a gama da wannan a jawo wancan. Maigida tun da aka yi masa kaciya bai taɓa cin tuwon dare shi kaɗai ba. Duk magariba sai ya karkata kunne wajen darni yana jin ƙarar murafe da dariyarsu. Fita ba za ta yiwu ba, don ba zai sa hagu a akushin mutane ba, ba zai kuma yarda a ba shi a baki gaban tsaransa ba. Ci shi kaɗai a ɗaki da hannun da yake ƙyama kuwa, ya gwammace yunwa. Ƙafar ta fara dawowa, yana jan ta da sanda har bakin ƙofa, amma jikin da zai ɗora a kanta yana ta narkewa.

Ana cikin haka taubashinsa ya iso daga Barmu ran kasuwar Lahadi. Ɗan kawunsa ne, makiyayi, rabin shekara yana arewa cikin Buzaye da awakinsa. Ban taɓa son zuwansa ba. Yana da ƙara, yana da ci, ba ya shiga gida sai ya kushe wani abu. Tsakaninsa da maigida kuwa wasa ne na gado, ba zagin da ba su yi wa juna.

Ya shigo ba sallama. "Ina bawana? An ce ya kwanta don kar ya biya ni gaisuwa."

"Ka rage murya, akwai marar lahiya."

"Matata, har yanzu fuskar nan ba ta koyi dariya ba? Ni na ce ka sake ta ka ƙi, ga shi ta shanye ka."

Ya faɗa ɗaki ya zauna. Na ce ya koma hagu, ya koma. Ya daɗe yana duban yadda maigida ya rame. Da ya fito ya same ni a murhu, ya tsuguna ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Mi ke hana shi ci?"

Na gaya masa duka, da goron majo, da hannun, da darni. Ya saurara yana tona ƙasa da tsinke. Ya ce, "Yau ki tuƙa da yawa, ya yi ruwa-ruwa. Ki ƙara man shanu, kar ki yi mini rowar da kin saba."

Da magariba ya shiga ya ɗago shi. Maigida ya turje, yana "to, to" da ƙarfi. Taubashin ya sa kafaɗa ƙarƙashin hammatarsa ya ce, "In ba ka tahi da ƙahwarka ba, in saɓa ka kamar akuya in zaga gari da kai." Haka suka fita, sanda na gaba ƙafa na ja. Ni na je na tsaya a inda darni ya yi ɓaraka, inda na saba tsayawa.

Ya zaunar da shi a bakin tabarma ta yadda duk mazan suka koma hagunsa, ya jingina masa turmi a dama. Aka yi ta sannu. Aka buɗe akushina. Sai taubashin ya zura hannu a jakarsa ya fito da cokula biyu na itace, irin waɗanda Buzaye ke sassaƙawa, masu zane a mariƙi. Ya ajiye ɗaya gaban maigida. Ya cusa nasa hannun dama cikin riga ya ɗaure bakin hannun rigar da haƙori, ya ɗauki ɗayan cokalin da hagu.

"Subhanallahi, mi kake yi haka?" in ji Yaya. "Da hagu, cikin akushin mutane?"

"Hannuna ya taɓa tuwonka, tsoho? Icce ne ya taɓa. Ni yau gasa nike da wanga rago. Tun muna yara nike cinye mishi rabo, in gani ko yau za ya hana ni."

Ya kai cokali ya yanko tuwo, kafin ya isa baki rabi ya faɗi a cinya. Ya sake, miya ta bi gemu ta sauka a ƙirji. Na uku ya kai wa hanci. Ba da gangan yake duka ba, hagun mutum ba ta san hanyar bakinsa ba. Maza suka fara ƙunshe dariya, wani ya sarƙe. Shi ko a jikinsa, yana ci yana surutu.

"Kai, miyar nan ba gishiri. Matarka ta tsufa. Amma bari in cinye, tunda mai ita ya zama hoto."

Ya jawo akushin gabansa gaba ɗaya, ya kewaye shi da guiwa.

Ina kallon maigida. Rabin fuskarsa mai rai ya fara rawa. Sai na ji murya, tasa ta da, tsaf ba gargada.

"Ɗan banza!"

Maza duk suka juyo suka dube shi. Tun ranar aduwa ba a ji kalma daga bakinsa ba sai "to". Shi kansa ya firgita, ya yi ƙoƙarin ƙara wata, ba ta zo ba. Taubashin bai ɗago kai ba, amma na ga cokalinsa ya tsaya a hanya.

"Ɗan banza ke cin tuwo, ɗan kirki na kallo," ya ce, ya sake yanka.

Maigida ya ɗauki cokali. Ya miƙa hagu ya jawo bakin akushin da ƙarfin da ban san ya rage masa ba, ya yanka, ya kai. Kaɗan ya zubo ta gefen bakin da ya mutu. Ba wanda ya dube shi, kowa ya sa kai a gabansa. Yaya ne ya ɗauki gefen rawaninsa ya goge masa gemu yana ci gaba da maganar kuɗin awaki da na kusa da shi, kamar ƙuda ya kore. Sannan ya wanke hannu ya sa dama a akushin tare da su.

Na bar darni na koma murhu na zauna.

Taubashin ya kwana biyu yana ci da hagu har maza suka saba, sannan ya ce awakinsa na jiransa. Cokalin ya bar shi. Hannun dama bai dawo ba har ƙarshen ran maigida, magana ta dawo guntu-guntu, gaisuwa da salati da zagi sun fi zuwa da sauƙi. Amma ya yi ƙiba, ya taka har masallaci, ya ga dawowar ɗansa daga Kurmi, ya yi shekaru yana fita ƙofar Yaya duk magariba da cokalinsa a aljihu.

Ran da taubashin zai tafi na ƙulla masa dawo da barkono da ɗan man shanu a tandu, na kai masa har wajen jaki. Ban taɓa yi ba. Na ce, "Allah ya saka maka da alheri, ya jiƙan mahaifa."

Ya karɓa ya jinjina ƙullin a hannu. "Wanga ɗan abu? Ashe dai rowar na nan." Ya hau jaki, ya ɗan yi gaba, ya juyo. "Ki riƙa tuƙa mishi da laushi. In na dawo da kaka na tarar ya rame, ke za ni kai ƙara."

Na ce ya tafi kafin rana ta yi zafi.